Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Iyaye Su San Dokar Giya Ta Ƙasar Da Za Su Kai 'Ya'yansu Hutu

A kowace shekara, da zarar makarantu sun rufe don dogon hutu na watannin Yuli da Agusta, filayen jiragen sama na Kano da Abuja da Ikko sukan cika maƙil da magidanta waɗanda Allah ya hore wa abin hannu, kowa da iyalinsa, ana haramar fita ƙasashen waje don a huta. Waɗansu su nufi Landan ko Faris, waɗansu Dubai ko Alƙahira ko Istanbul, waɗansu kuma su haye har Amurka wajen 'yan'uwa. Wannan ba abin zargi ba ne, gama tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma gara yaro ya ga duniya yana tare da iyayensa da ya gan ta a bayan idonsu. Amma akwai wani sashe na shirin tafiyar wanda kusan kullum ake tsallakewa. Maigida zai yi wata biyu yana fama da neman biza, ya yanki tikiti, ya kama masauki, ya canji kuɗi, uwargida kuma ta tanadi tufafin sanyi da tsarabar dangi, amma da wuya ka sami wanda ya zauna ya binciki abin da dokar ƙasar da za su ta ce game da matasa da giya.

Na san da yawa daga cikin masu karatu za su ce ina ruwansu da wannan magana, tun da ya ke a gidajensu ba a sha, addini ya hana, tarbiyya ma ta hana. Madalla da wannan. Sai dai a tuna cewa yaron da ya tashi a Kano ko Gusau, inda sayar da giya a fili laifi ne tun da aka shimfiɗa shari'ar Musulunci a shekarar 2000, awa shida ko bakwai ne kawai cikin jirgi tsakaninsa da garin da ake jera kwalaben giya kusa da madara da burodi a kanti. Can babu Hisba, babu maƙwabci mai sa ido, babu kawu ko gwaggo da za su gan shi a hanya su kai rahoto gida. Abu biyu ne kaɗai suka rage tsakaninsa da kwalbar: dokar ƙasar, da kuma maganar da iyayensa suka yi da shi kafin a tashi. Ra'ayina shi ne, wajibi ne uba da uwa su san ta farkon, su kuma tabbatar da ta biyun, domin ko wace ɗaya a cikinsu ba ta wadatar ita kaɗai.

KOWACE ƘASA DA TATA DOKA

Mu fara da Amurka, domin nan ne baƙi suka fi faɗawa cikin tarko. A can mutum ba shi da ikon sayen giya sai ya cika shekara 21, ko da ya ke tun yana da 18 yana iya jefa ƙuri'a, ya shiga soja. Wannan doka tana da tarihi. A farkon shekarun 1970 jihohi da yawa sun rage shekarun zuwa 18 ko 19, sai haɗarin mota ya ƙaru a tsakanin matasa. A shekarar 1984 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan wata doka wadda ta ce duk jihar da ba ta mai da shekarun 21 ba za a zaftare mata wani kashi daga kuɗin gina hanyoyi da Gwamnatin Tarayya ke ba ta. Kafin ƙarshen 1988 duk jihohi hamsin sun bi. Amma har wa yau kowace jiha da nata ƙananan sharuɗɗan. A Teksas da Wiskonsin doka ta yarda yaro ya sha in mahaifinsa ko mahaifiyarsa na wurin, alhali a Florida, inda iyalai daga ko'ina a duniya ke tururuwa saboda wuraren wasan yara, wanda ya miƙa wa ɗan shekara 20 kofin giya ya yi laifin da zai iya jawo masa tara ko ɗauri. Baturen Ingila da ya saba zama da ɗansa mai shekara 18 a mashaya a gida, in ya yi haka a Florida ya karya doka, kuma cewa a ƙasarsu an yarda ba zai cece shi a gaban alƙali ba.

A Ingila kuwa shekarun saye 18 ne, amma dokar lasisin sayar da giya ta 2003 ta yarda ɗan shekara 16 ko 17 ya sha giyar kwalba ko ta inabi ko ta tuffa, muddin yana cin abinci a kan tebur tare da babba, kuma babban ne ya saya. Ban da wannan, babban da ya saya wa yaro giya a kanti ya yi laifi, 'yan sanda kuma suna da ikon ƙwace giya daga hannun yaro a kan titi. Kantuna da yawa sukan nemi shaidar shekaru daga duk wanda fuskarsa ta nuna bai kai 25 ba. A Jamus ɗan shekara 16 yana iya shiga kanti shi kaɗai ya sayi giyar kwalba ko ta inabi, sai barasa mai ƙarfi irin su wuski ce ake jira sai 18. Dokar kare matasa ta ƙasar ta daɗe da wani sashe da ya yarda ɗan shekara 14 ya sha a gaban iyayensa, kuma a cikin 2025 hukumomin lafiya na ƙasar suka tashi tsaye suna neman a soke shi.

A Kanada shekarun 19 ne a yawancin larduna, amma 18 ne a Kubek da Alberta da Manitoba. A Japan sai mutum ya kai 20, ko da ya ke a shekarar 2022 an rage shekarun balaga a dokarsu zuwa 18. A Indiya kowace jiha da tata, daga 18 har zuwa 25, jihohin Gujarat da Bihar kuwa sun hana gaba ɗaya.

Ƙasashen Musulmi ma ba a yi musu kuɗin goro, kuma nan ne mutanenmu suka fi sakin jiki. A Saudiyya an haramta giya tun 1952, Kuwaiti ma ta haramta. Amma a Dubai ana sayarwa a otal-otal da gidajen cin abinci masu lasisi, dokar laifuffuka ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka yi a 2021 kuma ta sa hukunci a kan wanda ya ba ɗan ƙasa da shekara 21. Maye a bainar jama'a laifi ne a can, direba kuwa ba a yarda masa ko da kurɓi ɗaya ba. In ka ɗan taɓa tafiya kaɗan a mota daga Dubai ka shiga Sharja, giya haramun ce ɗungurungum. A Turkiyya ɗan shekara 18 yana iya saye, sai dai dokar 2013 ta hana kantuna sayarwa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Saboda haka uban da ya ce hankalinsa kwance tun da ƙasar Musulmi za su, ya kamata ya sake tunani, gama ladan na kiran salla a Istanbul, mashaya kuma tana buɗe a lungun da ke bayan masallacin.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, yaro guda ɗaya mai shekara 17, a cikin hutu guda, yana iya saye da kansa a Jamus, ya sha da abinci a Ingila, ya zama mai laifi a Amurka. Dokar inda ƙafarsa take ita ke binsa, fasfon da ke aljihunsa ba ya canza kome.

"GARA YA KOYA A GABANA"

Akwai waɗansu iyaye, musamman waɗanda suka daɗe a Turai ko suka yi cuɗanya da Turawa, masu cewa tun da doka ta yarda, kuma ko ba daɗe ko ba jima yaro zai gamu da abin, gara a bar shi ya ɗanɗana a gabansu lokacin hutu, don ya san iyakarsa, ɗokin ya fita daga ransa. Sukan kawo misalin Faransa da Italiya, inda a cewarsu yara ke tashi da giyar inabi a kan tebur ba tare da sun lalace ba. Magana ce mai daɗin ji, kuma masu yin ta ba mugunta suke nufi ba, don haka ta cancanci amsa.

Da farko dai, ƙasashen da ake misali da su ɗin su da kansu sun juya wa wannan al'ada baya. Faransa ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakunan cin abinci na makarantu a 1956, ta faɗaɗa hanin zuwa manyan makarantun sakandare a 1981, sa'an nan a 2009 ta mai da shekarun sayen kowace irin giya 18. Italiya ta yi haka a 2012, Holan a 2014, Lituweniya ma ta kai nata 20 a 2018. Ruwa ba ya tsami banza. Da a ce sabon da yaro ke yi da giya tun yana ƙarami kariya ne, da ba a ga waɗannan gwamnatoci suna ta ƙara tsawon katangar ɗaya bayan ɗaya ba.

Na biyu, masana sun gwada wannan magana. A Ostireliya an bi rayuwar matasa kimanin 1,900 har shekara shida, tun suna wajen shekara 12 zuwa 18, aka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet Public Health a 2018. Abin da aka gano shi ne, yaran da iyayensu ke ba su giya ba su sami wata kariya ba, sun ma fi waɗanda ba a ba su faɗawa cikin shan wuce kima, kuma sun fi neman ta daga wurin waɗansu mutane daga baya. A Ingila ɗin ma da doka ta sassauta, babban jami'in lafiya na gwamnati ya ba da shawara a 2009 cewa mafi alheri shi ne yaro ya tashi ba tare da giya ba. Likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke auna sakamako ya hana mutum yin ganganci shi ne na ƙarshen nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.6 suka mutu a 2019 sanadiyyar giya.

Ya kamata a fahimci abin da shekarun doka ke nufi. Adadi ne da 'yan majalisar wata ƙasa suka daidaita a kai bayan ja-in-ja tsakanin likitoci da masu kamfanonin giya da masu otal da ma'aikatar haraji. Shi ya sa ya ke bambanta daga kan iyaka zuwa kan iyaka, alhali hantar yaro da ƙwaƙwalwarsa iri ɗaya ne a Jamus da Japan. Doka tana faɗin lokacin da ɗan sanda zai daina kama mutum. Lokacin da abin zai daina cutarwa kuwa, babu majalisar da ta isa ta yanke shi.

INDA HAƊARIN YA KE

Baƙo ko da ido makaho ne. Yaron da bai taɓa ganin giya ba shi ne ya fi sauƙin shan ta bai sani ba. Giyar tuffa a gwangwani da hoton tuffa a jiki ba ta da maraba da ruwan 'ya'yan itace ga wanda bai iya karanta rubutun ba. Akwai waɗansu masu zaƙi da launi kamar lemon kwalba, waɗanda aka yi su musamman don bakin matasa. Ƙaramin firjin da ke cikin ɗakin otal sau da yawa cike ya ke da ƙananan kwalabe, ga shi kuwa an kama wa yara ɗakinsu dabam da na iyaye. Akwai kuma otal-otal na bakin teku inda ake biyan kuɗin kwana da ci da sha a dunƙule, a ɗaura wa baƙo wani zobe na roba a wuyan hannu, ya yi ta karɓa ba lissafi. Ɓarnar da irin wannan tsari ya jawo ita ta sa gwamnatin tsibiran Baliyarik na ƙasar Sifen ta kafa doka a 2020, ta ƙayyade wa irin waɗannan otal-otal a unguwannin da abin ya fi ƙamari kofi shida ga kowane baƙo a rana, ta kuma sa tara a kan masu tsalle daga barandar bene, wasan banza da ya ci rayukan samari da dama cikin maye.

Mafi muni shi ne yaron da doka ta hana shi saye a kanti, sai ya bi ta bayan gida. A nan ne ake gamuwa da barasar jabu wadda aka gauraya da metanol, wani sinadari mai makantarwa da kisa, wanda harshe ba ya rarrabe shi da barasar gaske. A watan Nuwamba na 2024, a garin Vang Vieng na ƙasar Laos, baƙi masu yawon buɗe ido shida suka mutu ta wannan hanya, cikinsu har da 'yan mata biyu 'yan Ostireliya masu shekara 19. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Har yaron da bai kai kofi bakinsa ba yana iya shiga hannu. Ɗan shekara 18 da abokai ƙanana suka roƙa ya saya musu a Landan ya yi laifi. Wanda ya ari katin shaidar yayansa don ya shiga gidan rawa a Amurka ya yi laifi. A yawancin jihohin Amurka buɗaɗɗiyar kwalba a cikin mota laifi ce, direban da bai kai 21 ba kuwa ɗan abin da aka samu a jininsa ya isa a kama shi.

In abin ya faru, ɗan kuka ya jawo wa uwarsa jifa. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba wanda aka kama a ƙasar waje haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, jami'an ofishin kuma suna iya ziyartarsa su taimaka wajen neman lauya, amma ba su da ikon fitar da shi daga hannun 'yan sanda ko su soke hukuncin kotu. Inshorar tafiya, wadda ƙasashen Turai na yankin Shengen ke wajabtawa ta kai Yuro 30,000 kafin su ba da biza, sau da yawa tana da sharaɗin cewa kamfani ba zai biya kuɗin asibiti ba in maye ne ya jawo raunin. Sa'an nan ga tabon da zai bi yaro. Takardun neman biza na Amurka da Ingila da Kanada duk suna tambayar tarihin laifin mai nema. Yaron da ake burin ya koma can karatun jami'a bayan shekara biyu, sai ka ga daren wauta guda ya tsaya masa a gaba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a yanki tikiti, maigida ya nemi sanin dokar ƙasar, har da ta jiha ko lardin da za a sauka, da ta inda za a yada zango a hanya. Ma'aikatun harkokin waje na ƙasashe da yawa suna buga irin wannan bayani kyauta a intanet, ofishin jakadancin ƙasar da ke Abuja ma ana iya tambayarsa. In jirgin ruwa na shaƙatawa za a shiga, a tambayi kamfanin, domin kowane da nasa sharaɗin shekaru. In an isa masauki, a ce wa ma'aikata su kwashe abin da ke cikin firjin ɗakin yara, a kuma tabbatar an ɗaura musu zoben hannu irin na yara. A karanta takardar inshora tun daga farko har ƙarshe.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne zama da yaro a yi magana da shi baki da baki tun ana gida. Mu Hausawa kunya ta yi mana yawa a nan, uba yana ganin ambaton giya a gaban ɗansa zubar da girma ne, ko kuma zai sa wa yaron sha'awar abin da bai sani ba. To, yaron da ke riƙe da wayar salula ya riga ya ga fiye da abin da uban ke ɓoyewa. Shirun ba ya ƙara masa tsarki, iyaka dai ya bar shi ya je ya koya daga bakin wanda ba ya ƙaunarsa. A gaya masa abin da zai gani, da yadda zai gane shi a jikin kwalba, domin doka a yawancin ƙasashe ta tilasta a rubuta yawan barasar da ke ciki. A gaya masa kada ya karɓi buɗaɗɗen kofi daga hannun wanda bai sani ba, kada ya saya wa kowa, kada ya shiga motar wanda ya sha. A koya masa yadda zai ce a'a ba tare da jin kunya ba, gama a Turai ɗin ma matasa da yawa ba sa sha, kuma ba wanda ke tsangwamarsu. A kuma shaida masa a fili cewa dokar gida tana nan daram ko a wace ƙasa aka sauka: inda dokar ƙasa ta fi tsanani ita za a bi, inda ta gida ta fi tsanani ita za a bi.

Akwai magana guda da iyaye da yawa za su ji nauyin faɗi, amma ita ce za ta iya ceton rai. A ce wa yaro, in tsautsayi ya sa shi ko abokinsa ya sha, ko jikinsa ya rikice, ya buga waya nan take ko da tsakar dare ne, faɗa ya jira sai gari ya waye. Yaron da tsoron mahaifinsa ya fi masa tsoron mutuwa shi ne zai kulle kansa a ɗaki yana amai har a makara. A sa masa lambar masauki da lambar neman agaji a wayarsa: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Ingila, 911 a Amurka da Kanada.

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye da ke Kano da Kaduna da Abuja su ma suna da nasu alhakin. Bai kamata aikinsu ya tsaya a karɓar kuɗin tikiti da masauki ba. Takarda guda mai bayanin dokokin ƙasar da harshen da iyali za su fahimta ba za ta rage musu riba ba. Haka kuma ya dace Ma'aikatar Harkokin Waje da gidajen rediyo su riƙa faɗakar da jama'a a gabanin kowane dogon hutu, kamar yadda ake yi wa maniyyata bita kafin aikin Hajji.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maigidan da ya iya kashe miliyoyin Naira don ya faranta wa 'ya'yansa rai na mako biyu, ba zai kasa ware awa guda ya zauna da su kafin a ɗaure kaya ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya kai matafiya lafiya, ya komo da su gida lafiya. Amin.